Saƙon da Aka Buɗe wa Ƙofa

Ranar Litinin da hantsi aka kawo wa Sufeto Sirajuddeen ƙara: kwali goma sha biyu na allurar rigakafin shanu sun ɓace daga siton wata ƙungiyar likitocin dabbobi a Kontagora.

Mai kula da sito ya rantse umarni ya bi. Saƙo ne ya shigo zauren imel na ƙungiyar, inda wasiƙa ɗaya ke isa ga kowane mamba, da sunan shugabarsu Dokta Hajjo, wai a miƙa wa wani direba kayan ya kai garin Salka. Mutanen Salka kuwa ko kwalba ɗaya ba su gani ba.

"Ban rubuta ba, Yallaɓai," in ji Hajjo. Shekara ashirin tana bin rugage, yau ga ta ana shirin kulle ta da sunan ɓarauniya.

Sakataren ƙungiyar, Khalilu, ya girgiza kai cikin jimami. "Ni ma a wayata na fara ganinsa, kamar kowa. Ai duk abin da ya bi ta zaure, sabarmu, wato kwamfutar da ke rarraba wasiƙun, ita ke sake buga masa hatiminta. Ba mai iya gano tushensa."

Sufeto bai san kan kwamfuta ba, amma ya san mutumin da ke amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Ya nufi wurin Rahmat, mai kula da sabar, wadda mambobi suka daɗe suna ƙorafin taurin kanta.

"Saƙon gaskiya yana zuwa da hatimin gidan da ya fito," ta ce. "Wannan ya zo da sunan Dokta, babu hatimi. Sabar ta tsare shi a ƙofa."

"To ya aka yi ya shiga?"

"Da hannu aka buɗe masa. Bara sun matsa mini in bar ƙofar a sake, na ƙi. Mutum ɗaya na ba mabuɗi."

Ta juyo masa allon. Saƙon ya iso ƙarfe tara da minti huɗu. An sake shi tara da minti biyar, da mabuɗin sakatare.

Sufeto ya dube ta, alfahari ya cika shi. Ashe a garin nan akwai mai riƙe amana haka.

Ya sa aka kira Khalilu.

"Sace mabuɗin aka yi, Yallaɓai," in ji Khalilu.

Sufeto ya ce, "Rahmat ta ce ba ya buɗewa sai da lambar da ake turowa wayarka. Ita ma an sace ta?"

Khalilu ya dubi wayar da ke hannunsa. Sai ya amsa laifi: direban ƙanin matarsa ne, kayan suna cikin wani firji a garin Beri, suna jiran mai saye.

"Na ɗauka ba mai karanta waɗannan layukan," ya ce da Rahmat, ana sa masa ankwa.

"Kullum da safe nake karanta su," ta ce.

Aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.