Igiya Ta Huɗu

Tsohon tiyon ban ruwa kawai na kai gidan ƙanwata, gab da magariba. Mijinta ne ya roƙa.

Furofesa muke ce masa, ko da yake babu jami'ar da ta san da zamansa. Tun da ya bar aiki ya sayi irin rediyon nan da ake magana da mutanen nesa. Ya kafa dogon ƙarfe a saman benen da suke haya, ya ɗora eriya, ya ɗaure da igiyoyi uku tamau kamar tsirkiyar baka. Shekara biyu ke nan ba ya gaisawa da maƙwabta. Wai yana da abokai a bayan teku, waɗanda suka san darajar ilimi.

Igiyoyin nan kuwa ko iska ta yi tari sai sun amsa. Wuuu, wuuu, ta bi ƙarfe, ta bi bango, har kofi rawa yake a kan tebur. Mai gidan ya ba shi zuwa gobe: ko kukan ya tsaya, ko eriya ta sauka.

"Yaya, ka ja masa kunne," in ji ƙanwata a bakin matattakala. "Wannan kukan ba na iska ba ne."

"Ka ji jahilci ko?" in ji Furofesa. "Girgiza ce kawai. Biyo ni ka ga aikin hankali."

Na bi shi. Saman benen warin kashin tattabaru yake da tsatsar tankin ruwa. Ya sassauta igiyar farko kaɗan. Ya yanko tiyo kamu biyu, ya tsaga shi, ya rungumar wa igiyar kusa da gindi, ya bar shi sako-sako.

"Roba za ta shanye rawar," ya ce, kamar mai koya wa akuya karatu.

Gaskiya dai gaskiya ce: igiyar ta yi shiru. Ta biyu ma haka. Da ya gama ta uku sai ya riƙe ƙugu yana kallona, yana jiran tafi.

Iska ta kwanta. Ko tsumman da aka shanya a jikin tanki bai motsa ba.

Wuuu.

"Saura ɗaya," na ce, na nuna masa.

Ta taso daga ƙolin ƙarfen, ta wuce bayan tanki. Baƙa ce, siririya. Furofesa ya ɗauki guntun tiyo ya nufe ta, har ya miƙa hannu. Sai ya tsaya.

"Yaya," ya ce da raɗa. "Uku na ɗaura."

Na ƙirga da yatsa. Huɗu.

Da mai hankali ne da mun sauka. Amma girman kai rawanin tsiya. Ya damƙi igiyar, ya cusa mata tiyo.

"Da ɗumi," ya ce.

Kukan ya ɗauke. Warin ƙonanniyar roba ya taso. Tiyon ya narke, yana ɗiga a kan siminti, ɗis, ɗis.

A ƙasa, ta tagar ɗakinsa, rediyon ta yi gyaran murya.

"Na cire mata waya," in ji Furofesa. 

"Furofesa." Muryar wani dattijo ce mai sanyi. "Ba ka gane ni ba? Abokinka likita, na tsibiri."

Muryar ta juye, ta koma ta wata mata.

"Ni ce malamar da ke yaba basirarka."

Ta sake juyewa, wannan karon daga bayan tanki, kamu uku daga ƙafata.

"Kana tsammani wannan tarkacen naka yana kai magana ko bakin titi? Shekara biyu kana kira. Ba wanda ya ji ka sai ni. Tausayinka na ji."

Igiyar ta ja. Ƙarfen ya sunkuyo, yana ƙara.

"Ni na jure surutunka. Kai ba za ka jure waƙata ba?"

Hannun Furofesa ya manne. Ta fara janye shi zuwa bayan tanki, takalminsa na karce siminti. A can na hango yatsu. Dogaye, masu gaɓoɓi fiye da kima, suna naɗe igiya a hankali.

Na yi bismillah, na cafki bel ɗinsa, na fizga.

Fatar tafinsa ta zauna a can.

Ban san matattakala nawa ce ba. A tsalle uku muka sauko.

Washegari, da rana tsaka, Furofesa ya sauke eriyar da kansa, hannu a naɗe. Igiya uku ya kwance. Rediyon tana ƙarƙashin gado, an kife mata kwano. Yanzu shi ke fara gaida maƙwabta, har da tambayar iyali.

Mai gidan dai bai gamsu ba. Jiya ma ya tare ƙanwata, wai a gaya wa mijinta ya daina raina masa hankali: eriya ta sauka, amma duk magariba kofinsa rawa yake.