Ɗan Kunnen Asabe

Bayan isha'i muka zagaye Yaya Nafi'u, ɗan kawunmu. Ya rage murya.

"Wannan ni ya faru da ni, kuma ba na son ba da shi.

"Lokacin ina fassara wa mutane fim a gidan kallo. Wata rana aka sa na wani mutum da matarsa ta ɓace, yana shiga wata na'ura tana kai shi mafarki yana nemanta. A ƙarshe ya riƙe hannunta. Sai allo ya yi baƙi. Ba a ce ya farka ba, ba a ce bai farka ba.

"Malam Haladu tela yana layin gaba. Wata biyu da rasuwar matarsa Asabe. Ya ce a hankali, 'Ya farka. Ya same ta.'

"Ni ban gane ƙarshen ba. Amma ana kallona. Na ce, 'Haba Malam, mafarki ne. Wanda ya tafi ya tafi.' Aka yi dariya. Ya tashi ya fita.

"Kwana uku bayan haka, gab da magariba, na bi hanyar kwari ni kaɗai. Na ji ƙamshin turaren wuta. Babu gida a wajen. Sai ga wata mata tana tafe a gefena, a lulluɓe. Yashi na ƙara a ƙarƙashin takalmina. Nata shiru.

"Ta ce, 'Mai fassara.' Muryar kamar daga cikin randa.

"Na ce, 'Na'am, Baba.'

"'Mutumin ya farka?'

"Na sunkuyar da kai. Yatsun ƙafarta baya suke kallo.

"'Ban sani ba.'

"'A gaban jama'a ka sani.'

"Na nemi addu'a a bakina, na rasa.

"Ta ce, 'Nan Asabe take zuba mana gero duk Alhamis. Mijinta a barci kawai yake ganinta. Kwana uku ke nan yana tsoron rufe ido.' Ta sa mini wani abu mai sanyi a tafi. 'Kai masa.'

"Ban san yadda na isa gari ba. Da na buɗe hannu, ɗan kunne ne, guda ɗaya. Na sami Malam Haladu a shago, idonsa ja, na miƙa masa. Ya buɗe gwangwanin allura, ya ciro ɗan'uwansa, ya jera su.

"Na durƙusa. Na ce, 'Malam, ƙarya na yi. Ban gane fim ɗin ba.'

"Ya ce, 'Tashi, ɗana. Ka ci abinci kuwa?' Da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi."

Yaya Nafi'u ya goge fuska da hula.

"Kada wanda ya bi kwarin nan shi kaɗai. Mutanen ɓoye suna jin abin da muke faɗa a gari."