Wayar da Aka Binne a Gindin Lalle

Ranar da Hafizu ya fara shiga gidan Alhaji Kabiru da ke GRA, a tsakiyar lambu ya tarar da Zakiyya tsaye a kan kujera, ta ɗaga kwamfuta sama kamar mai miƙa wa maƙwabta tuwo ta katanga.

"Sannu da aiki," in ji shi. "Ke ce kika kira mai haɗa intanet, ko har kin kamo ta da hannu?"

Ta sauko tana gyara mayafi, kunya da haushi sun haɗe mata. A ɗakin da ke ƙarshen lambun take koyar da ɗalibai lissafi ta intanet, amma bangon babban gidan irin ginin Turawa ne mai kauri, sabis ba ya tsallake shi. Kullum sai darasi ya yi daɗi fuskokin yaran su daskare.

Da farko wata na'ura ya maƙala mata a taga. Ta yi aiki har zuwa ranar da aka yi iska. Ya dawo ya gyara, ta sake yankewa, ya sake dawowa, har ta kai shayinsa na jiran sa.

"Malama Zakiyya, yau ma ta yanke? Allah ya sa ta yanke," ya rubuto mata.

"Kai ko tsoron Allah ba ka yi. Ta yanke. Ka zo."

Daga baya ya faɗa mata gaskiya: sai an ja waya daga babban gida har ɗakin. Da aka sanar da mahaifinta, daga baranda ya ba da amsa.

"Ba za a rataya mini waya a tsakar gida kamar igiyar shanya ba. A binne ta."

Hafizu ya ɗauki diga ya ja rami miƙe, ta hanya mafi kusa. A unguwar Ɗan Iya ya tashi, a gidan da ko'ina siminti ne, don haka da ya ci karo da saiwoyi a gindin wata tsohuwar bishiyar lalle, bai tambayi kowa ba, ya sare su ya wuce da bututun wayar.

Tun daga ranar intanet ba ta sake yankewa ba. Lallen kuwa ya fara zubar da ganye, har ya zama ƙirare. Mahaifiyar Zakiyya, marigayiya Hajiya Madina, ita ta shuka shi da hannunta, tana cewa daga nan za a tsinko na auren 'yarta.

Da iyayen Hafizu suka zo neman auren Zakiyya, a tsaye Alhaji ya sallame su.

"Yaron da ke sara kafin ya tambaya, shi zan damƙa wa 'yata?"

A makon ne Alhaji ya fara yi wa Zakiyya maganar auren Sabitu, ɗan amininsa, likita. Ita ma Zakiyya ta daina ɗaga wayar Hafizu.

"Zakiyyata," ya rubuto, "ban zo da hujja ba. Na sare, kuma ba zan iya mayarwa ba. Na samo dashe mai kyau a lambunan Inkil, ki ba ni izini in kawo."

"Kada ka kawo. Ba itace na rasa ba."

Ta daɗe tana kuka da Hafizu a ranta, amma kukan bai mayar mata da Sabitu abin so ba. Wata safiya ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, na ji haushinsa fiye da yadda ka ji. Amma wa ya ce a binne?"

Alhaji ya kawar da kai. Shi kaɗai ya san cewa yana zaune a baranda sa'ad da ramin ya nufi gindin lallen, yana kallo. Da zai hana, sai ya faɗi wadda ta shuka shi, shi kuwa tun da aka fita da ita bai iya ambaton ta a gaban mutane ba. Ya yi shiru a ranar, sannan ya ɗora wa ɗan mutane nauyin shirun gaba ɗaya.

Alhaji ya kira ƙaninsa, ya ce masa, "Ku ɗaura musu. Ni ba ruwana."

Aka ɗaura. Lallen amarya a kasuwa aka sayo shi, a leda. Da aka kawo ta gabansa domin nasiha, mata sun yi tsit suna jiran addu'ar uba, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya kiyaye hanya." Haka ta shiga mota ba albarkarsa, tana jin rashinta fiye da nauyin lulluɓin da ke kanta.

Damina ta shiga kafin Alhaji ya iya furta abin da ke ransa. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce wa direba ya tafi gida, ya tari keke zuwa Ɗan Iya. Hafizu ne ya fito, ya zube ƙasa a rikice.

"Baba, bismillah, ka shigo."

"A'a. Kira min ita."

Zakiyya ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya a bayan mijinta. Tsohon ya dubi ƙasa.

"Ni na ce a binne, kuma ina kallo aka sare. Madina ce ta shuka shi." Ya ɗago kai. "Hafizu, ga ta nan amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Mai keke na jiran sa a bakin layi.