Kuskure a Manhajar Dogo

Ranar da suka fara haɗuwa faɗa ta zo yi. Ta turo ƙofar ɗakin kwamfutoci na cibiyar bincike, laftof rungume a ƙirji, farar rigar aiki ko cire ta ba ta yi ba, ta tambayi wanda ya rubuta manhajar da ta cinye mata kwana uku ba ta fitar da komai ba.

Mutum huɗu ne a ɗakin. Uku suka nuna mata na huɗun da baki, wani siriri da gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Dogo ake ce masa. Ba shi da digiri ko ɗaya. Gyaran firinta aka ɗauke shi yi shekara shida da suka wuce, ya koya wa kansa rubuta manhaja daga littattafan da masu digirin suka jibge a kan kanta ba sa buɗewa.

Ita kuwa Auta ce a gidansu, sunan ya biyo ta har wurin aiki. Digiri na uku take yi a kan wata ƙwayar cuta da ke kama jarirai a asibiti.

Dogo ya karɓi laftof ɗin, ya gyara sunayen fayiloli biyu, ya danna. Layuka suka fara gudu.

"Ba ta lalace ba," ya ce. "Kunya take ji, ba ta saba da baƙi ba."

Auta ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, abin ya ƙi.

Aikin nata ba shi da wuyar fahimta. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da gadonta a rubuce, dogon layi na haruffa huɗu kacal. A cikin layin akwai dubban ƙwayoyin gado, kowace da aikinta. Auta ta tara samfuri ɗari da arba'in daga ɗakunan asibiti daban-daban. Manhajar Dogo tana karanta su duka, ta haɗa ƙwayoyin gado masu kama da juna rukuni-rukuni, sannan ta nuna rukunin da kowa ke da shi da wanda wasu kaɗai suka mallaka. Jimlar wannan ita masana ke kira fanjinom.

Dogo yana da tasa fassarar. Ya ce kamar 'yan gida ɗaya ne: hancin na kowa ne, wushirya kuwa ta mutum ɗaya.

Auta ta rufe bakinta da hannu, ta tambaye shi ko ya taɓa ganin 'yan gidansu da zai san hancinsu.

"Hanyar ganin nasu nake nema," in ji shi.

Daga nan tambayoyin aiki suka yawaita fiye da yadda aikin ke buƙata. Wata biyar ana haka. Saƙonninsu ba su da tsawo.

"Dogona, manhajarka ta ce kashi casa'in da biyar ne sharaɗin shiga rukuni ɗaya. Mu nawa muka samu?"

"Ta-wajena, na gwada. Injin ya ce kamarmu ba ta kai arba'in ba. Ke kyau, ni tsawo. Na kashe shi don bai san aikinsa ba."

Da maganar aure ta isa gidansu Auta, mahaifinta Abba bai ɓoye ra'ayinsa ba. Tsohon malamin lissafi ne, shekara talatin da biyar yana duba takardun jarrabawa da jan biro, kuma a ganinsa mutumin da ba a taɓa jarraba shi ba, ba a san ko wane ne ba. Ya ce bai raina sana'ar kowa ba, amma ba zai ɗauki 'yar da ta kusa zama dakta ya ba mai gyaran firinta ba. Ga kuma wani Dakta a sashensu Auta, mai digiri daga waje da mota mai sanyi, wanda ya riga ya zo gaisuwa sau biyu. Umma ta sa baki, Yaya babba ta sa baki, da ƙyar Abba ya ce to, ta kare bincikenta tukuna, in ta fita lafiya ya ga yaron.

A lokacin bincike yana tafiya kamar an shafa masa mai. Manhajar ta nuna rukuni ɗari uku da goma sha biyu da babu su ko'ina sai a samfuran ɗakin jarirai. Farfesa, matar da ke duba aikin, ta ce wannan sabon nau'in cuta ne, babi guda aka gina a kai. Aka sa ranar da za ta kare binciken a gaban masu jarrabawa.

Saura kwana tara, da hantsi, Dogo yana gwada manhajar da wasu bayanai na daban, ya ga abin da ya sa ya ture kofin shayinsa gefe. Injin da ke karanta gado ba ya fitar da layin a ɗinke, guntu-guntu yake fitarwa. In ƙwayar gado ta faɗo daidai inda aka yanke, sai ta rabu biyu. Manhajarsa tana ɗaukar kowane rabi a matsayin sabon abu, ta buɗe masa rukuni. Ya koma kan bayanan Auta. Samfuran ɗakin jarirai duk rana ɗaya aka karanta su, ranar da injin ya fi yayyanka layi. Yawancin ɗari ukun nan gutsattsarin tsofaffin rukunai ne.

Ya kira ta sau uku. Tana cikin ɗakin gwaji, inda ake barin waya a lokar ajiya kafin a shiga.

Akwai al'adar aiki da ya ɗora wa kansa: duk kuskuren da ya gano, a take yake rubuta shi a shafin manhajar na intanet, domin akwai masu amfani da ita a wurare da dama da bai sani ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya rubuta sanarwa, ya bayyana kuskuren, ya ce duk wanda ya samu sababbin rukunai masu yawa ya dakata.

A faɗi gaskiya: sanarwar daidai ce, amma jiran awa biyu ba zai kashe kowa ba. Ya tuna da baƙin da bai taɓa gani ba, ya manta da cewa wadda abin zai fi shafa tana cikin gini ɗaya da shi. Wannan rashin tunani ne, ba shi da wani suna.

Dakta ne ya fara gani. Ya buga takardar, ya kai wa Farfesa, sannan ya tsaya a bakin ɗakin gwaji yana jiran Auta da fuskar tausayi. Ya ce ya daɗe yana jin tsoron a gina digiri a kan aikin ɗan koyo. Kafin la'asar an ɗage ranar karewa har sai abin da hali ya yi. Kafin magariba labari ya kai kunnen Abba, kuma ba a bakin Auta ya ji ba.

Saƙo ɗaya ta tura wa Dogo.

"Duniya ta sani kafin ni. Kar ka kira."

Ya amsa: "Na yi kuskure biyu. Na manhaja na gyara. Na biyun ban san yadda ake gyara shi ba. Gyararriyar tana cikin akwatin imel ɗinki, ko ba za ki sake yi mini magana ba, ki gwada ta."

Kwana goma sha ɗaya ba ta ce masa uffan ba. In sun haɗu a matakala sai ta duba agogo. Dakta ya ba ta shawarar ta bar babin yadda yake, ta sauya sunan manhajar a rubuce kawai, tunda masu jarrabawa ba za su bi rukuni ɗari uku ɗaya bayan ɗaya ba. Ta dube shi, ta ce ta gode. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa da fiye da kalma biyu.

Ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a ƙaramin teburinta kusa da firij ɗin samfura, tana haɗa rabi da rabi da idonta. Ɗari uku da uku suka narke. Tara suka ƙi. Cikakku ne, jere suke wuri ɗaya, kuma uku daga ciki irin waɗanda ke sa magani ya kasa kashe cuta ne. A da, tarin na bogi ya binne su. Farfesa ta duba ta ce wannan ya fi na farko amfani, domin likita zai iya aiki da shi, sai dai babin sabo za a rubuta, wata huɗu aƙalla.

Auta ta gangara ɗakin kwamfutoci. Sauran ukun suka tuna suna da aiki a waje.

"Tara," ta ce.

"Na gaske?"

"Na gaske. Amma ban huce ba."

"Ban ce ki huce ba. Ki zauna dai, tsayuwar ta yi miki yawa."

Ta zauna. A gida kuma ita da kanta ta samu Abba, ta shimfiɗa masa takardun a kan tabarma, ta nuna masa inda aka yi kuskure da wanda ya gano shi, ta kuma faɗa masa shawarar da Dakta ya bayar. Abba ya daɗe yana bin lambobin da yatsa. Ya ce a kira masa yaron.

Dogo ya zo ranar hutu da safe, ya tsuguna a falo, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Abba bai ce ya tashi ba.

"Wa ya gano kuskuren?"

"Ni ne, Abba."

"Da ka yi shiru, wa zai gano?"

"Wataƙila wani, bayan shekara biyu ko uku. Wataƙila babu."

"Ka san shirunka zai kawo ka falon nan da wuri?"

"Na sani. Amma jarirai ake yi wa magani da abin da ta rubuta, kuma sunanta ne a kai."

Abba ya cire tabarau. Ya ce a shekarunsa na koyarwa ya ga masu cin jarrabawa da yawa, amma ɗalibin da zai dawo da takarda ya ce an ba shi makin da bai ci ba, bai cika uku ba. Sannan ya murtuke ya ce kada ya ɗauka an yabe shi: mutumin da zai riƙe gida, iyalinsa ke fara jin labari, mai daɗi ko marar daɗi, kafin intanet.

"Na karɓa, Abba."

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ga ta can bayan labule, ta ɗauka ban ga ƙafarta ba."

Umma ta yi dariya daga kicin har da tari.

Bayan wata biyar Auta ta kare bincikenta, masu jarrabawa suka riƙe ta awa uku, ta fito da digirinta. Sati uku bayan haka aka ɗaura aure. Farfesa ta zo, mutanen ɗakin kwamfutoci suka zo cikin kayan da ba a taɓa ganin su da su ba. Dakta ya aiko da uzuri.

Da za a tafi da amarya, Abba ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba. Ya ce ta yi haƙuri da mijinta, shi ma ya yi haƙuri da ita, kada ɗayansu ya kwana da abin da ya kamata ɗayan ya sani. Sai ya juya ga ango ya ce ya sunkuyo, ba zai yi wa silin addu'a ba.

Dogo ya sunkuya. Abba ya ɗora hannu a kansa, ɗayan a kan 'yarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya sa ku tsufa tare. Ku tashi ku je, na sallame ku."