Wanda Ya Kira Ridwan Gona

Surayya ta jefar da littafin a kan tabarma.

"Lafiya?" in ji Murja, 'yar ƙanin babanta, tana tsifar kai a bakin ƙofa.

"Amininsa ne... amininsa ya kashe shi."

Abdullatif, wanda za ta aura, shi ya kawo mata littafin daga Dutsin-Ma. Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda aka ƙera na'urar da ake jona wa gawa ta yi magana kafin a rufe ta. Aka kashe wani saurayi, aka jona masa, sai ya ambaci sunan abokinsa.

Surayya ma tana da nata mamacin. Ridwan, saurayinta na fari, 'yan bindiga suka harbe shi a gonar rani a bakin dam ɗin Zobe ana gab da bikinsu. Abdullatif amininsa ne. Shi ya sa da ya fara zuwa zance Kurfi, babanta Malam Dalhatu ya daɗe yana jan ƙafa, yana gudun surutun mutane, kafin ya amince.

Murja ta yi ƙasa da murya.

"Ni dai ban ce komai ba... amma kin taɓa tambaya wa ya kira Ridwan gona ran nan?"

Surayya ta san Murja ta daɗe tana son Abdullatif. Duk da haka maganar ta zauna mata a ƙirji.

Abinci ya daina shiga. Tana wanke-wanke da rana tsaka sai ta ji kamar Ridwan na tsaye a bayanta, yana so ya yi magana, bakin ya ƙi buɗuwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Abdullatif ya zo, ta same shi a zaure.

"Surayyata, kin rame. Me ke damun ki?"

"Yaya, wa ya kira Ridwan gona?"

Murmushinsa ya ɗauke.

"Ni ne. Injin ban-ruwa ya lalace, na ce ya zo mu duba."

"To don me ka ba ni littafin nan?"

"Kin ce kina son karatu. A tasha na gan shi na saya, ko buɗe shi ban yi ba. Me ke ciki?"

Ta faɗa masa.

Ya miƙe tsaye.

"Abin da kike zato ke nan a kaina?"

Ta kasa cewa a'a.

Ya sa takalminsa ya fita. Bai sake zuwa ba, bai sake kira ba.

Inno, kakarta, ita ta gaji da ganin ta tana kuka a ɗaki.

"Ke kin san yadda aka kawo Ridwan? Yaron nan Abdullatif shi ya goyo shi har bakin titi, da harsashi a nasa hannun. Uwarsa ta ce har yau in ya ji ƙarar inji sai ya yi zumbur ya miƙe. Ɗauko mayafinki, ni zan kai ki."

Sun same shi a Zobe, yana buɗe wa albasa ruwa. Inno ta zauna can gindin giginya.

"Yaya, ka yafe mini..."

Bai ɗago ba.

"Abu ɗaya nake so in sani," ta ce. "Kai kaɗai ka ji muryarsa ta ƙarshe. Me ya ce? Ya ambace ni?"

Ya ajiye fartanyar, ya share fuska da hannun riga.

"Da zan iya yi miki ƙarya, da na ce ya ambace ki. Bai ce komai a kanki ba, Surayya. Ruwa ya roƙa. Ga dam a gabanmu, amma na ji tsoron in ajiye shi in je in ɗebo."

Ta durƙusa a bakin kunya ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Ya tsaya a gefenta har ta gama.

Bayan babbar Sallah aka ɗaura musu aure. Ranar da aka kai ta ɗakinta, ya shigo, ta miƙa masa kofin ruwa kamar kowace amarya.

Ya karɓa, ya riƙe shi da hannu biyu, ya kasa sha.