Mai Inshorar da Ya Sayar da "Allah Ya Kiyaye"

A garin, in aka ce Mai Inshora, mutum ɗaya ake nufi. Ofishinsa ɗaki ne tsakanin shagon aski da kantin magani, da tebur, da kujeru biyu, da fankar da kukanta ya fi iskarta yawa. Kujera ta biyu ta baƙi ce, amma ƙura ce ta fi zama a kanta.

Sana'arsa tuna wa mutane masifa, mutane kuwa ba sa ƙaunar mai tuna musu. Mutum ne mai ladabi, ba ya taɓa buga misali da wanda ke gabansa, kada a ce ya yi masa mugun baki. Da kansa yake bugawa. "A ce gidana ne ya kama da wuta, Allah ya kiyaye." Sai mai sauraro ya ce amin, hankalinsa ya kwanta, ya tafi bai sa hannu ba.

"Baban Auta, kai ke tsorata su, kai ke rarrashinsu," in ji matarsa, tana taka keken ɗinkinta. "To me kuma ya rage su saya?"

Da wasa ta faɗa. Shi kuwa bai ji wasa ba, don keken nan ne ke ciyar da shi da ɗansu da 'yarsu Auta, kuma unguwa ta sani. Mai aski ne ya raɗa masa labarin wani boka a bayan tsohuwar ma'aikatar bulo.

Da tsakar rana ya je, amma ɗakin bai san da rana ba. Babu taga. An ɗaura igiya daga bango zuwa bango, an rataya mata busassun abubuwa baƙaƙe. Sai da idonsa ya saba da duhun ya gane harsuna ne, manya da ƙanana. Bai tambayi na mene ne ba. A tsakiya akwai tukunya mai ƙaramin baki, bokan na zaune a bayanta, ɗan tsamurmurin tsoho mai tsabtar farce.

"Maganata ba ta da nauyi," in ji Mai Inshora. "Ina so in na faɗi abu, ya zauna."

"Zai zauna. Me ka kawo?"

"Rago."

"Ba ni da haƙoran nama."

"Rabin kamashona, duk wata."

"Rabin babu ke nan." Bokan ya yi murmushi. "Akwai abin da kake zubarwa kullum ba ka san kana da shi ba. Me kake cewa bayan ka ambaci masifa?"

"Allah ya kiyaye."

"Shi nake so."

Mai Inshora ya kusa yin dariya. Mutumin da ya shekara yana gargaɗin jama'a su karanta sharaɗi kafin su yarda, bai yi tambaya ko ɗaya ba. Bokan ya soke masa harshe da allura, ya sa shi ya kifa bakinsa a kan tukunyar ya furta kalmomin. Ba su yi amo ba, kamar an jefa su rijiya. Aka toshe bakin tukunyar da ɗanyen yumɓu.

Washegari ya tsaya a gaban mai sayar da katako. "A ce gidana ne ya kama da wuta, matata tana ciki." Ya buɗe baki zai ƙarasa, harshen ya ƙi. Mai katako ya ji ƙaurin hayaƙi a hancinsa, nan take ya nemi biro.

Haka ya bi gari. Ga masu motocin haya: "A ce ɗana ne birki ya tsinke masa a gangare." Ga iyayen yara: "A ce 'yata ce ta wayi gari ba ta gane kowa." Ga ma'aikata masu shirin ritaya kuwa ya fi ƙawata zancen: "A ce ni ne na tsufa tukuf, mutuwa ta manta da ni, ba mata, ba ɗa, ba mai miƙo mini ruwa." Aka fara layi a ƙofar ofis. Kamfani ya aiko masa da lambar yabo. Ya gina bene, ya saya wa ɗansa mota, ya sa matarsa ta ajiye keke.

Ita kaɗai ta lura. "Bakinka ya bushe da addu'a, Baban Auta. Jiya na ce zan hau hanya, ka bi ni da ido kawai."

"Aiki ne ya yi mini yawa."

Wutar ta tashi daga ɗakin girki da hantsi, yana ofis yana buga misali. Ƙofar ɗakin matarsa ta ƙi buɗuwa, ba ta fito da rai ba. Kamfani ya biya diyya babu jinkiri, don takardunsa ba su da kuskure. Kafin masu gaisuwa su ɗauke ƙafa, birki ya tsinke wa ɗansa a gangaren gada, bai tsira ba. Aka sake biya. Daga nan mutane suka fara tsallaka titi in sun hango shi.

Wata safiya Auta ta fito, ta dube shi da ladabin da ake yi wa baƙo. "Malam, wa kake nema?"

Ya koma bayan ma'aikatar bulo a guje, ya zube.

"Ka mayar mini da shi. Ka ɗauki benen, ka ɗauki komai."

"In gida ya riga ya ƙone," in ji bokan, "kamfaninku yana karɓar sa hannu?"

"Ba ka faɗa mini a kaina zai sauka ba."

"Ni ban zaɓi kowa ba. Da ka buga misali da baƙi, da a kan baƙi zai sauka. Ladabinka ne ya zaɓa." Ya shafa tukunyar. "Ka kwantar da hankalinka, saura ɗaya. Shi kuma ba ya kisa."

A kan hanyar gida ya tuna abin da ya riƙa faɗa wa masu ritaya.

Dangin uwarta sun zo sun tafi da Auta. Mai aski ya mutu, mai kantin magani ya mutu, jikokinsu ke riƙe da shagunan. Mai Inshora yana nan a ɗakin da ke tsakaninsu, da fankar da ta daina kuka. Ko mura ba ta kama shi. In mota ta taka birki a titi, masu wucewa suka ce Allah ya kiyaye, sai ka ga leɓensa yana motsi, babu abin da ke fita.

Kai da ke ganin abincin gidanka ya yi maka kaɗan, ka kiyayi cinikin da ya yi maka araha. Boka ba ya neman abin da kake ji da shi. Abin da ka raina yake ɗauka, sai ya tafi da shi za ka gane shi ke riƙe da rufin ɗakinka.