Motar da Ke Wanke Idonta

Ranar da Mardiyya ta fara ganin Haris, ƙafafunsa ta fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata motar haya a garejin da ke kusa da tashar Gummi. Ita ke riƙe da sitiyari. Tun da idon mahaifinta Malam Wali ya raunana, yayyenta maza kuma duk suna Sakkwato, ita ta koyi tuƙi don ta riƙa kawo shi wurin likita daga Bukkuyum. Mutane sun yi surutunsu, da suka gaji suka bari.

Motar tasu ta hannu ce, daga Turai aka shigo da ita, wani tsohon ɗalibin Malam ya ba shi kyauta. A hanya ne wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Malam bai san komai a kan mota ba, amma ya ce ba za su koma gida ba sai an duba.

Haris ya fito yana goge hannu, ya durƙusa ya gaida Malam, sannan ya leƙa ta taga.

"Malam, ba injin ba ne. Tankin ruwan wanke gilashi ne."

"To ai jiya anka cika shi," in ji Malam.

"Da wane ruwa?"

"Na rijiya," Mardiyya ta amsa. "Na zuba garin sabulu kaɗan."

Ya dube ta, ya yi saurin mai da idonsa kan motar. Ya buɗe bonet, ya ciro wani ɗan abu kamar murfin kwalba, ya nuna musu. Shi ke yawo a kan ruwan yana gaya wa mota inda ya tsaya, ga shi laka da sabulu sun danƙare shi a ƙasa. Ya wanke shi, ya ɗauraye tankin, ya cika da ruwa mai tsabta haɗe da wani shuɗin ruwa na kwalba. Fitilar ta mutu.

"Direba, kunna manyan fitilu, ki ja sandar waifa," ya ce.

Ta ja. Sai ga wasu 'yan kawuna biyu sun leƙo daga bamba, suka fesa wa fitilun gaba ruwa, suka koma. Malam da ke tsaye a gaban motar ya ja da baya yana dariya.

"Wagga mota har idonta take wankewa?"

"Don ƙasarsu aka yi, Malam. Sai dai yana shan ruwa ƙwarai. In ana ja da fitila kunne, kafin a ankara tankin ya ƙare."

Kafin su tafi, Mardiyya ta kwafe lambarsa daga allon garejin, ko da fitilar za ta sake kamawa.

Ta kuwa sake kamawa, bayan sun je ta'aziyya Adabka, hanyar ta girgiza motar son ranta. Wannan karon tiyon da ke kai ruwa ga fitilar hagu ne ya tsage a bayan bamba. Malam ya tafi masallaci, ya bar ta zaune kan benci. Haris yana aiki yana amsa tambayoyinta, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma gaggawa. Ta ji cewa maraya ne, kawunsa Gidaɗo ya rene shi. Shi kuma ya ji cewa ita ke koyar da matan aure a Islamiyyar mahaifinta.

Bayan sun isa gida saƙonsa ya shigo.

"Direbar Malam, kun sauka lafiya? Fitila ba ta yi magana ba?"

"Lafiya lau, Injiniya. Ta yi shiru kamar ba ita ba."

"Madalla. Amma ni da ta riƙa magana lokaci-lokaci, da ban ƙi ba."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta kife ta a kan katifa.

Daga nan saƙonni suka ɗore, safe da yamma. Ana cikin haka likita ya ce idon Malam ya yi sauƙi, ba sai sun dawo ba sai bayan kaka. Kowa a gidan ya yi murna. Mardiyya ma ta yi, amma ta san hanyar Gummi ta rufe mata ke nan.

Wata rana da hantsi ta zagaya bayan gida, inda ake ajiye motar a gindin darbejiya. Ta kunna manyan fitilu, ta ja sandar waifa, ta saki, ta sake ja. Ba ta bari ba sai da 'yar fitilar ta kama.

"Baba, ta sake kamawa."

"To sai Gummi," in ji Malam.

Haris ya bi tiyo da hannu daga tanki har bamba, ya saurari famfo, ya leƙa ƙarƙashi. Ta ga ya shafa bamba da yatsa a ƙasan kowace fitila, ya tsaya yana kallon yatsan. Ya cika tankin, ya ce wannan karon ba sai an biya ba.

Da ta tsaya a nan, da shi ke nan. Amma ta sake.

A lokacin akwai Lauwali, wani mai sayen zinari daga Anka, wanda ya daɗe yana zuwa gaida Malam da nufin da kowa ya sani, wato neman auren Mardiyya. Ranar ya tarar za su fita, ya ce zai raka su. A garejin, gaban Lauwali da masu gyara, Malam ya tsare Haris.

"Yaro, karo na huɗu ke nan. Mi ke damun wagga mota?"

Mardiyya ta sunkuyar da kai. Haris bai ko dubi inda take ba.

"Malam, na duba tanki, na duba tiyo da famfo. Ban ga inda ke yoyo ba."

"To ruwan aljanu ke shanye shi?" Lauwali ya ce, aka yi dariya. "Malam, ka ba ni makullin. Akwai masu aiki a Anka."

Washegari ya dawo da motar, fitila a mace, yana cewa ko shayi bai gama sha ba aka gyara.

A makon ne Gidaɗo ya zo nema wa Haris izinin zance. Daga bayan ƙofar zaure Mardiyya ta ji amsar mahaifinta.

"Gidaɗo, kai mutumin kirki ne. Amma ɗanka, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa yana barin ɓarna da gangan don yarinya ta riƙa komawa. Ko wanne ne, ba ni ba shi ɗiyata. Na ce wa mutanen Anka su zo Juma'a mai zuwa."

Ta koma ɗaki ta ɗauki waya.

"Injiniya, na ji abin da Baba ya faɗa. Ka yi fushi?"

"Ban yi ba, Mardi. Uba ne, abin da ya gani ya yi hukunci da shi. Ki ci abinci, ki bar kuka. Na san kina yi."

Wannan saƙon ya fi mata zafi a kan faɗa. Tana zaune mahaifiyarta Inna Habsu ta shigo da tiren shinkafa, ta zauna tana tsince tsakuwa.

"Kajina sun koma gindin darbejiya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kwanaki na bi su in ga mi sunka samu. Sai na tarar da ƙasa jiƙe, wuri biyu, daidai inda idon mota yake."

"Inna..."

"Ba ni za ki gaya wa ba. Yaron can an zubar mishi da mutunci gaban abokan sana'arshi. Wanda ya zubar shi ka kwashewa."

Bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, Mardiyya ta shiga zaure ta durƙusa. Ta faɗi komai, tun daga hantsin farko. Ba ta nemi uzuri ba, ba ta kuma ɗaga kai ba. Malam ya daɗe yana jan tasbaha.

"Shi ya sa ki?"

"Wallahi Baba bai sani ba."

"Ki shirya. Gobe da safe za mu Gummi."

Da suka isa, Malam ya ce a kira Haris gefe, inda ba kowa.

"Duba min aikin mutanen Anka."

Haris ya buɗe bonet, ya zura hannu gefen tanki, ya fito da wata waya tana lilo.

"Sun zare ta ne, Malam. Mutane da yawa haka suke so, don kada fitila ta dame su. Tankin kuma babu ko ɗigo, ba a cika ba."

"Mai da ta."

Ya mai da ta. Mardiyya ta murɗa makulli, fitilar ta kama.

"Na fi son wadda ke faɗa min gaskiya ko da ta dame ni," in ji Malam. Ya juya ga Haris. "Yarinyar nan ta gaya min abin da ta yi. Ta ce ba ka sani ba."

Haris ya sunkuyar da kai.

"Na sani, Malam. Tun karo na uku."

Mardiyya ta ɗago da sauri.

"Ya anka yi ka sani?"

"Ruwan da na zuba shuɗi ne. Ya bushe a kan bamba ta ɓangare biyu, fitilun kuma fes. Yoyo ba ya wanke fitila."

"To mi ya hana ka faɗa, ranar da na tambaye ka?"

"A gaban mutane ka tambaye ni, Malam, ita kuma tana zaune. Ni in an ce ban iya aiki ba, gobe wata mota za ta zo in gyara, a manta. Ita in aka ɗauki maganar, ba ta da inda za ta wanke ta. Kuma ban yi maka ƙarya ba. Babu yoyo."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa.

"Ka kuwa san laifinka? Ka ga hanya ta karkace, ka yi shiru don tana biyowa ta ƙofarka. Da tun karo na uku ka turo kawunka, da ba a yi na huɗu ba."

"Haka ne, Malam. Na yi kuskure."

"Ke kuma kin sa tsoho zirga-zirga a wagga hanya, kin san yadda take."

"Ka yafe min, Baba."

"Na yafe. Cika mata tankin. Ka ce wa Gidaɗo ina son ganinshi kafin Juma'a. Mutanen Anka ni zan ba su haƙuri da kaina."

Kafin ta tada mota wayarta ta yi ƙara. Yana tsaye a gabanta da jarka a hannu, amma saƙo ya turo.

"Direbata, daga yau in kina son ganina, ki ce kina son ganina. Ruwa ya huta."

Ta rubuta masa, "Ina son ganinka, Injiniyana," sannan ta sa giya.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Wali. Lauwali ma ya zo, ya yi wa ango barka, har ya ce zai kawo tasa motar a duba masa waya.

Da za a kai amarya Gummi, tun rana na sama, Malam ya ce a motarsa za a kai ta. Wannan karon a baya ta zauna, lulluɓe, tsakanin gwaggonninta, yayanta ke tuƙi. Inna Habsu ta riƙe hannunta ta taga ta yi mata nasiha. Malam ya zagayo da sandarsa, ya sunkuya wajen direba.

"Duba min, fitilar nan ta kama?"

"A mace take, Baba."

"To madalla. Ta kai inda take son zuwa." Ya dafa rufin motar. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya rufa muku asiri kamar yadda mijinki ya rufa miki. Allah Ya ba da zuri'a ta gari. Ku tafi, kada rana ta faɗi kuna hanya."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. A ƙarƙashin lulluɓi Mardiyya tana hawaye tana murmushi, motar ta kama hanyar Gummi.